Ihu bayan hari: uban da ya miƙa ɗansa ga soja a fim ɗin Cadi

Sati biyu ke nan muna gardama ɗaya a rumfar mai shayi nan Kuseri, garinmu na Kamaru da ke ƙetaren kogi daga Injamena, kuma har yau ba wanda ya sauka daga kan bakansa. Duk a kan fim ɗaya ne, Un homme qui crie, wanda ɗan Cadi Mahamat-Saleh Haroun ya fitar a 2010, in za a fassara sunan sai a ce mutumin da ke kururuwa. Wani yaro ne ya turo mana shi a waya muka haɗa kai mu shida kan allo ɗaya, da yake Faransanci da Larabcin Shuwa ake yi a ciki ba wanda ya nemi tafinta. Ana gamawa abokina mai gyaran babur yace wannan dattijon azzalumi ne kawai ba wani dogon bayani, malamin lekol da ke zama da mu yace a'a talauci ne da tsoron hukuma, duk wanda bai taɓa ganin mai unguwa a ƙofar gidansa lokacin yaƙi ba ya yi shiru. Ni nawa ganin kowannensu rabin maganar ya riƙe, kuma rabin da suka bari shi ne ya hana ni barci.

Ga wanda bai kalla ba, ga labarin a gurguje. Adam dattijo ne a Injamena, tsohon zakaran ninƙaya na Afirka ta Tsakiya a 1965, shi ya sa kowa ke ce masa Shampiyon. Aikinsa kula da pisin, wato tafkin wanka na wani babban otel inda Turawa da sojojin waje ke zuwa shan iska, ɗansa Abdel shi ke taya shi. Sai otel ɗin ya koma hannun 'yan China, sabuwar shugabar tace mutum biyu sun yi wa ruwa ɗaya yawa, aka bar ɗan a pisin aka maida uban maigadi a bakin ƙofa. A daidai lokacin 'yan tawaye na matsowa, gwamnati na karɓar gudummawar yaƙi gida gida, mai unguwa ya sa Adam a gaba, ko kuɗi ko ɗa. Adam bai biya ba, ɗan ya bayar a ɓoye. Rannan sojoji suka shigo gidan suka ja Abdel yana kiran babansa, uban yana cikin ɗaki bai fito ba.

Toh a nan gardamar take. Malamin lekol yana da hujja, ba zan ƙi ba. Mutum ne da aka rage masa matsayi, ba shi da tabbacin gobe, ga mai unguwa na gaya masa shi ma nasa ɗan ya bayar, wa ya isa ya ce a'a? A ƙasar da rashin biyan kuɗin yaƙi zai iya sa a ce kai ɗan tawaye ne, tsoro ba abin wasa ba ne. Amma dan Allah ku koma farkon fim ɗin ku sake kallo. Abu na farko da aka nuna mana shi ne uba da ɗa a cikin ruwa suna gasar wanda zai fi daɗewa bai numfasa ba, kuma ɗan ne ya ci. Wasa ne, har da dariya. Haroun bai sa wannan a farko don nishaɗi ba, ya nuna mana tsagar bangon ne tun kafin ƙadangare ya iso. Daga baya muna ganin dattijon da dare yana motsa jiki shi kaɗai yana ƙoƙarin maida tumbi, muna ganinsa cikin kakin maigadi da ya yi masa kaɗan, hannun rigar bai kai wuyan hannu ba, motoci na masa hon yana gudu ya ɗaga sandar ƙofa ya sauke ya koma wancan gefen ya ɗaga, mutumin da jiya ake gaishe shi da girma. Kuma wanda ke sanye da fararen kaya a bakin ruwan, a wurinsa, ɗan cikinsa ne. Duk wanda yace ba kishi a zuciyar Adam bai kalli fuskar Youssouf Djaoro ba, ɗan wasan da ya fito a matsayinsa, akwai wurin da kyamara ke matsowa kan fuskarsa a hankali a hankali yana zaune bai ce uffan ba, kana gani ka san an gama yanke hukunci a ciki.

Shi kuma mai gyaran babur da yace zalunci ne zalla, abin da ya tsallake shi ne wannan: a lokacin zaman lafiya me wannan kishin zai haifar? Gaba ta wata biyu. Uba ya daina amsa gaisuwa da kyau, a ci tuwo ba magana, uwa ta shiga tsakani ta yi faɗa, a samu wani kawu ya zo ya zaunar da su, sallah ta zo a yafi juna. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, gida nawa ne a unguwarmu uba bai taɓa jin zafin ɗansa ya fi shi samu ba? Na san wani dattijo cikin danginmu da ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota tsakanin Garwa da nan, ranar da mai motar ya karɓe makulli ya ba ɗansa saboda ido ya fara rauni, wallahi sai da ya yi wata uku ba ya cin abincin da aka sayo da kuɗin yaron. Yau jikokinsa ne a cinyarsa, maganar ta zama abin tsokana. Bambancinsa da Adam ba kyan hali ba ne, shi dai ba wanda ya zo ƙofarsa a cikin watannin nan uku ya ce masa kawo kuɗi ko ka kawo ɗa. Yaƙi bai ƙirƙiri ƙullin da ke zuciyar Adam ba, abin da ya yi shi ne ya miƙa wa ƙullin wuƙa, sannan ya ba shi uzurin da zai fake da shi. Zai iya gaya wa kansa ai dole ce, ai kowa ma ya bayar, ai kishin ƙasa ne. Fushin da zai huce da kansa sai ya samu hanyar zama abin da ba ya gyaruwa. Kuma shi kansa Adam ina jin ko an rantsar da shi ba zai iya raba maka nawa ne tsoro nawa ne kishi ba, shi ya sa ba mu iya rabawa mu ma a rumfar shayi.

Wani abu da na lura mutanenmu sun gane nan take, shirun da ke tsakanin uban da ɗan. Mu da muka tashi da alkunyar ɗan fari, inda uwa ba ta kiran sunansa uba ba ya sakar masa fuska a gaban mutane, mun san son da ba a furtawa. Ba Hausawa ne a fim ɗin ba amma shirun irin namu ne sak. Akwai wurin cin abinci da su uku ke zaune, Mariam matar Adam tana ta ƙoƙarin jan su da magana ba mai amsawa, har ta fusata. Matsalar irin wannan son ita ce yana dogara ne da lokaci, kana ɗauka akwai gobe da za a fahimci juna ba sai an faɗa ba. Yaƙi kuma goben yake fara cinyewa. Da Adam ya iya buɗe baki ya ce wa yaron ka karɓe mini abin da nake taƙama da shi kuma ya yi mini ciwo, da an yi rigima an wuce wurin. Bai iya ba, girma ya hana.

Maganar amana kuwa, kar a ɗauka Haroun daga sama ya ɗauko ta. Duk wanda ya san tarihin ƙetaren kogin nan ya san yaƙe-yaƙen Cadi yawanci tsakanin waɗanda suka ci a kwano ɗaya ake yin su. Hissène Habré da Goukouni Oueddei tare suka yi tawaye a arewa, sai ga su a 1980 suna ruguza Injamena a kan juna daga Maris har Disamba, iyayenmu har yau suna ba da labarin yadda mutane suka riƙa tsallako ruwa a kwalekwale har Kuseri ta cika ta batse. Idriss Déby babban kwamandan Habré ne kafin su ɓata a 1989, ya dawo ya kore shi a Disamba 1990. Sannan waɗanda suka zo kifar da Déby a Fabrairu 2008, Mahamat Nouri tsohon ministan tsaronsa ne, Timane Erdimi kuwa ɗan'uwansa ne na jini kuma ya taɓa riƙe masa ofis. Kaga ke nan uban da ya ba da ɗansa don ya koma kujerarsa ba baƙon labari ba ne a wurin ɗan Cadi, abin da ake yi a fada ne aka sauko da shi tsakar gida. Manya na ta cin amanar juna a sama, amma talaka ake zuwa wa da maganar biyayya, shi ake ce wa ya nuna yana tare da ƙasa. Amana biyu ne suka haɗu a wuyan Adam, ta hukuma da ta gida, wadda ke da bindiga ita ta yi nasara.

Shi kansa Haroun ba labari ya ji ba. A Abeshe aka haife shi a 1961, yana saurayi harsashi ya same shi a yaƙin Injamena aka tsallako da shi Kamaru, daga baya ya isa Faransa a 1982 ya yi aikin jarida kafin ya shiga fim. Yana cikin ɗaukar wani fim ɗinsa, Daratt, 'yan tawaye suka shigo Injamena ranar 13 ga Afrilu 2006 aiki ya tsaya. Ina ganin shi ya sa bai nuna fagen fama ko sau ɗaya ba. Babu tankar yaƙi tana aman wuta, babu jarumi mai harbi da hannu biyu, wanda yaran da suka saba da finafinan Amurka suka yi ta jira har suka gaji suka tashi. Yaƙin a rediyo yake, a talabijin, a ƙarar jirgin sama da ke wucewa ta saman pisin. Akwai wurin da Adam da Mariam ke zaune suna ba juna kankana a baki, ruwan na zuba a haɓa, labaran yaƙi na tafiya a talabijin ba mai kulawa. Wallahi haka abin yake. Ranar Asabar 2 ga Fabrairu 2008 da safe mu nan ƙarar manyan bindigogi muke ji daga ƙetare kamar aradu, ana ta sauraren rediyo, kafin a ankara gadar Ngeli da ta haɗa mu da Injamena ta cika da mutane, mai katifa a ka, mai tura tsohuwa a baro, mai jan akuya. Dubban mutane suka kwana a makarantu da masallatai da filin Allah, daga baya aka kwashe wasu zuwa sansanin Maltam. Gidanmu kaɗai mata da yara sun cika zaure da rumfa. Ba wanda a cikinsu ya ba mu labarin dabarun yaƙi, abin da suke faɗa shi ne wane ya fita sayo burodi bai dawo ba, wance ta bar tukunya a kan wuta. Da aka koma kuma aka tarar gwamnati ta sa an sare manyan itatuwan babban titin birnin an haƙa rami kewaye da gari. Irin wannan yaƙin Haroun ya ɗauka, na wanda ke jiran labari.

Sai soyayya, wadda a nan ne masu kallon finafinan Kano da na Indiya a cikinmu suka ce an cuce su. Ba rawa ba waƙa a lambu, saurayi da budurwar ma ba mu taɓa ganinsu suna zance irin wanda muka saba ba. Bayan an tafi da Abdel ne wata yarinya 'yar Mali, Djeneba, mawaƙiya, ta bayyana a gidan da ciki tace na Abdel ne. Mariam ta karɓe ta. Wata mata da ta kalla daga baya tace ita abin da ya fi ba ta mamaki ke nan, cikin shege fa, a gidan mutunci, ba a ko tsaya bincike ba? Amma ku duba halin da uwar ke ciki. An ɗauke mata ɗa tilo, sai ga wani yanki nasa ya shigo da ƙafarsa, wace uwa ce za ta tsaya tambayar sadaki? Wannan ma aikin yaƙi ne, yana kwance dokokin gida, wani lokaci ta mugun gefe wani lokaci ta gefen rahama. Ga Adam kuwa zuwan yarinyar nan azaba ce. Da yana iya gaya wa kansa ɗa ɗaya ya bayar, nasa ne, yanzu ya gane ya ba da mijin wata da uban wani da bai ma zo duniya ba. Sannan kaset ya iso daga bakin daga da muryar Abdel, yarinyar na saurare tana hawaye. A gabanta ne ya kasa riƙewa ya faɗi abin da ya yi, ita da ba ta haɗa komai da shi ba sai cikin da ke jikinta.

Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne ya samu abin da yake so ɗin. An maida shi pisin. Sai dai baƙi sun watse, ma'aikata sun gudu, gari na ta yin kaura, ga Shampiyon tsaye a bakin ruwa mai kyau ba mai shiga. Ya sayar da ɗansa ya sayi kujera a gidan da ya riga ya kama da wuta. Zancen 'yan China da wasu suka so su maida shi babban batu ni ban ga haka ba, eh gaskiya ne Cadi ta koma hulɗa da Beijing a 2006 kuma kamfanoninsu sun shigo harkar mai, amma da Bafaranshe ne ko Balarabe ya sayi otel ɗin lissafin ɗaya ne, ma'aikaci biyu albashi biyu. Shugabar otel ɗin ba muguwa ba ce a fim ɗin, lissafi kawai take yi, ba ta san a wurin Adam ruwan nan shi ne sunansa ba.

Malamin lekol ne ya kawo maganar Annabi Ibrahim alaihissalam, kuma tun da ya faɗa na kasa cire ta a raina. Uba ya miƙa ɗa, mu duk shekara muna tuna wannan da layya. Amma can umarnin Allah ne, uban ya gaya wa ɗan gaskiya ya nemi shawararsa, ɗan ya yarda, sannan aka fanshe shi da rago. A nan umarnin mai unguwa ne, an ɓoye wa ɗan, kuma ba ragon da ya sauko. Adam ma mutum ne da fim ɗin ya nuna ya yanke ƙauna da samun agaji daga sama, abin da ya sa wasu cikinmu suka yi ta a'uzubillahi. Ni ban ɗauke shi wa'azin kafirci ba, hoton mutum ne da ya rasa inda zai kai kukansa, kuma mun ga irinsu bayan 2008, mun sake ganinsu bayan bama-baman 2015 a Injamena da Fotokol da Marwa, mutum ya dawo daga jana'iza ya zauna ya yi shiru irin wanda ke ba ka tsoro.

Ƙarshen fim ɗin shi ne inda ni da mai gyaran babur muka fi daɗewa. Adam ya hau babur ɗinsa mai ɗan akwati a gefe, ya sa gilashin ninƙaya saboda ƙura, abin dariya abin tausayi, ya nufi Abeshe, tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa gabas inda kowa ke gudowa daga can. Ya samu Abdel a asibitin soja jiki duk bandeji, ya sato shi da dare ya ɗora a akwatin. A hanya yaron ya nuna masa ya san komai, kuma abin da ya roƙa shi ne a kai shi kogi. Kafin a kai ga shiga ruwan rai ya yi halinsa. Uban ya sa gawar a kogi ya sake ta ruwa ya tafi da ita, duhu na shigowa. Abokina yace kun gani ko, har gawar ma bai yi mata sutura ba, ba wanka ba likkafani ba salla, wannan wane irin uba ne? A shari'a yana da gaskiya, ba musu. Amma ka tuna da me aka buɗe fim ɗin. Ruwa ne kaɗai yaren da mutanen nan biyu ke ji tsakaninsu, a ciki ya koya masa sana'a, a kansa suka ɓata, kuma shi ne abu na ƙarshe da yaron ya nema. Uban da bai iya cewa yafe mini ba ya ba shi ruwan gaba ɗaya, wanda ya fi pisin ɗin da suka yi rigima a kai sau dubu. Ko hakan ya isa tuba? Abokina yace ihu bayan hari ne, kuma a nan kam ban iya musa masa ba, sai dai nace masa ai ko ihun ma ba mu ji ba, mutumin da aka sa wa fim suna mai kururuwa da ƙyar yake ɗaga murya daga farko har ƙarshe.

Fim ɗin ya ci kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a Faransa na 2010, karo na farko da fim ɗin Cadi ya shiga babbar gasar, kuma bayan nan ne aka gyara tsohon gidan sinima na Normandie a Injamena aka sake buɗe shi a 2011. Mu dai a waya muka gani, da tsagaggen gilashi.

Jiya na kai wa Inna wayar ta kalla, ita da ta dafa wa 'yan gudun hijira abinci a 1980 tana amarya ta sake dafawa a 2008 da jikoki. Na zaci za ta shiga gardamarmu, kishi ne ko talauci. Ko kallon wannan ba ta yi ba. Tace ku maza kun zauna kuna ta auna zuciyar tsohon, ita matar fa, wa ya tambaye ta kafin a ba da ɗan da ta haifa? Nace Inna ai fim ɗin a bakin kogi ya ƙare, ba a nuna komawarsa gida ba. Tace ai dole, wa zai iya ɗaukar wannan a kyamara, mutum ya shigo da babur akwatin gefe ba kowa, mata biyu na zaune a tsakar gida ɗaya da tsohon ciki. Ta miƙo mini wayar tace in sa mata caji, gobe za ta sake kallon wurin kankanar.